Yarona yana rera ɗaya zuwa ashirin, amma in na ce ya ba ni uku sai ya kwaso cike da hannu

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ina da yaro ɗan shekara uku da wata takwas. Yana jero ɗaya zuwa ashirin ba tangarɗa, har baƙi suna yaba masa. Amma ran nan na ce ya miƙo mini cokali uku, sai ya kwaso cike da hannu. Na jera masa murafan kwalba biyar, ya ƙirga ya ce takwas, ya sake ya ce huɗu. An ba ni shawarar in haɗa masa wasan gona a cikin roba, da hatsi da 'yan dabbobin wasa, tunda yana son dabbobi kamar me. Na gwada sau ɗaya, na zuba wake da shinkafa da dabbobi wajen ashirin. Ƙirga dai ba a yi ba, hatsi ya watse ko'ina, ƙanwarsa 'yar wata goma sha huɗu kuma sai da na zaro ƙwayar wake daga bakinta. Babansu ya ce ɓarna ce kawai, a saya masa littafi ya fara rubuta lambobi. Yaron ne yake da matsala, ko ni ce ban iya ba?

Uwar yara biyu

Amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. A abin da kika faɗa ba mu ga matsala a wurin yaron ba, ke ma ba ki gaza ba. Inda kika same shi, nan yawancin 'yan shekara uku zuwa huɗu suke. Yabon baƙi ne ya ruɗe ki. Jero lambobi daga ɗaya zuwa ashirin waƙa ce, ya haddace ta kamar yadda yake haddace kowace waƙa. Ƙirga kuwa aiki ne da hannu da ido da baki suke yi tare, kuma shi ne bai riga ya kama ba.

A 1978 wasu masana tunanin yara biyu a Amurka, Rochel Gelman da Randy Gallistel, sun fayyace ƙa'idoji biyar da ƙirga ta ginu a kansu. Uku ne suka shafe ki yanzu. Lambobi su riƙa zuwa a jere iri ɗaya kullum: wannan ya samu. Kowane abu ya sami lamba ɗaya tak, ba tsallake, ba maimaici: nan ya yi tuntuɓe a kan murafan kwalba. Da ya ce takwas, bakinsa ne ya fi yatsansa gudu. Da ya ce huɗu, yatsan ne ya tsallake guda. Ta uku ita ce mai wuya, wato lambar ƙarshe da ya furta ita ce amsar "nawa ne duka?" Yaron da bai kai nan ba, in ya ji "uku", abin da yake fahimta bai wuce "da ɗan yawa" ba. Shi ya sa ya kwaso miki cokula.

Wata masaniyar kuma, Karen Wynn, a binciken da ta wallafa a 1990 da 1992, ta nuna cewa yara ba sa fahimtar lambobi a dunƙule. Yaro yakan fara gane "ɗaya", ya zauna a nan watanni, sannan "biyu", sai "uku", kafin ya farga cewa ƙirgar da yake rerawa ita ce take ba da amsa ga kowace lamba. Tafiyar takan ci kusan shekara guda, wani ma fiye.

Saboda haka kafin ki sake zuba ko ƙwaya ɗaya a roba, ki gano inda ya tsaya. Ki sa abubuwa goma iri ɗaya a kwano, ki ajiye saniyar wasa a gabansa, ki ce tana jin yunwa. "Ba saniya guda ɗaya." Ya ba ta, ki yi godiya, ki mayar cikin kwanon. "Yanzu ba ta biyu." Haka har ki kai inda ya fara damƙowa. Kowace lamba ki nema sau uku, a cakuɗe, kuma kada fuskarki ta nuna masa ko ya dace ko ya kuskure. In ya ba da daidai sau biyu cikin uku, kuma ba ya ba da wannan adadin in an nemi wata lambar, to ya san ta. Lambar da take bin wadda ya sani, ita ce gonar da za ki nome. In biyu ya sani, aikin makonnin nan uku ne. Mun san zai yi miki kamar koma baya, yaron da ake tafa wa a kan ashirin a dawo da shi uku, amma da rarrafe yaro kan tashi.

Yanzu maganar ƙanwarsa, domin ita ta fi komai nauyi a wasiƙarki. 'Yar wata goma sha huɗu ba ta da wuri kusa da wannan robar. A Amurka, ma'aunin da ake gwada kayan wasan 'yan ƙasa da shekara uku wani ɗan bututu ne mai faɗin santimita 3.17, kuma duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya ana ɗaukarsa abin da zai iya shaƙe yaro. A gida, kwalin tsakiyar takardar banɗaki ya ishe ki gwaji, ya ma ɗan fi ma'aunin faɗi, hakan kuwa ya fi aminci. Wake, masara, tsakuwa, murfin kwalba, ƙananan dabbobin roba, duk za su wuce. To a yi wasan lokacin da take barci ko tana hannun wani, a share wurin tas kafin ta sauko ƙasa. In dole sai suna tare, a bar hatsi gaba ɗaya, a shimfiɗa zani ya zama gonar, a ƙirga manyan abubuwa irin su totuwar masara ko safa da aka dunƙule.

Shi kansa babban bai fita daga haɗari ba. 'Yan shekara uku sukan cusa abu a hanci da kunne, ƙwayar wake kuwa in ta sami danshi kumbura take yi. In ya faru kada ki sa tsinke, kada ki ɗura ruwa, ki kai shi asibiti. Irin shuka da aka shafa wa magani, wanda za ki ga an rina shi ja ko kore ko shuɗi, guba ne, haka ma hatsin da aka adana da maganin ƙwari. Ɗanyen jan wake yana da sinadarin da ke sa amai da gudawa in an tauna. 'Yan ƙwallayen nan masu kumbura a ruwa, da duk abin wasan da ke da maganaɗisu ko ƙaramin batir mai kama da maɓalli, kada su shigo ciki ko kusa. Kuma ba wasan da za ki bar masa ki tafi wani aiki ba ne. Kina zaune a gefensa daga farko har ƙarshe.

To me ya ɓata gwajinki na farko? Abu biyu. Kin haɗa ƙasar gonar da abin ƙirgawa, wake da shinkafa a cakuɗe, yaro bai san wanne ake ƙirgawa wanne ake takawa ba. Sannan dabbobi ashirin kasuwa ce a idon wanda bai wuce biyu ba. Ki nemi roba mai faɗi marar zurfi, kamar santimita 40 a tsawo da 30 a faɗi, bangonta bai wuce tafin hannu ba. Ki shimfiɗa tsohon zani a ƙarƙashi, ya zarce ta ta kowane gefe. Ƙasar gonar ta zama abu ɗaya, mai laushi, wanda ba ya ƙirguwa: yashi wankakke busasshe, ko shinkafa. Ki zuba har zurfin ya kai kamar yatsu biyu a kwance. In ya fi haka abubuwa suna nutsewa su ɓace, kuma abin watsarwa ya yi yawa. Dusa tana da daɗin taɓawa amma tana tada ƙura, ba ta dace da mai tari ko asma ba. Ƙaiƙayi kuwa sunansa ya riga ya faɗa miki abin da zai yi wa fatar yaro.

Abin ƙirgawa ya zama babba, launinsa ya bambanta da na ƙasar. Dabbobi kada su wuce biyar, kuma da farko iri ɗaya, girma ɗaya, a ce awaki. Ba sai na saye ba, dunƙulen auduga tumaki ne, manyan duwatsu masu santsi ƙwai ne. Ki ƙara ludayi ɗaya, 'yan kwanoni biyu, kwalin ƙwai da kika yanke ya zama layi ɗaya mai gurbi uku, da ƙaramin kwali da zai zama ɗakin awaki. Ƙofar ɗakin ki yanke ta daidai shigar akuya ɗaya, kada biyu su iya wucewa tare. Wannan ƙofar ita ce rabin darasin.

Kwana biyu ko uku na farko kada ki ambaci ƙirga. Ki bar shi ya ɗiba, ya zuba, ya binne hannu, ya ji yashi yana zirarowa tsakanin yatsunsa. Yaron da bai ƙoshi da wannan ba, ko me kika faɗa ba zai ji ba, hankalinsa yana kan ludayi. Dokoki biyu kawai: abin cikin roba a cikin roba yake zama, kuma ba a kai komai baki ko hanci ko kunne. In ya watsa da gangan, ki tuna masa sau ɗaya. In ya sake, ki rufe robar ba faɗa ba tsawa, ki ce sai gobe. Yawanci ba a rufewa sau da yawa kafin ya gane da gaske kike. Abin da ya zube bisa kuskure kuwa ku kwashe tare, ki ba shi 'yar tsintsiyarsa.

Wasan farko ba ya buƙatar ko lamba ɗaya. Awaki uku, murafai huɗu a matsayin kwanon abinci. "Kowace akuya da kwanonta." Ya raba, ki tambaya, "Akwai wadda ba ta samu ba? Akwai kwanon da ba shi da mai shi?" Daidaita abu da abu ɗaya-ɗaya shi ne tushen da ya rasa a kan murafan kwalba, kuma gona ta fi komai sauƙaƙa shi, domin a gona akwai dalili. Akuyar da aka tsallake za ta kwana da yunwa, wannan kuwa ya dame shi fiye da kuskuren lissafi.

Sai wasan ƙofa, wanda muke so ki fi daɗewa a kansa. Ki ce, "Yamma ta yi, awaki za su shiga ɗaki. Awaki uku gare mu, bari mu tabbatar duk sun dawo." Ki lura, kin faɗi jimillar tun kafin a fara. Ya ɗauki akuya, ya taka da ita cikin yashi, sai ta ƙetare ƙofa sannan ku ce "ɗaya". Ba a faɗin lamba ta gaba sai akuya ta gaba ta shiga. Hannu ne yake ja wa baki linzami, kuma wadda ta shiga ta bar cikin waɗanda ba a ƙirga ba, don haka ba za a maimaita ta ba. A ta ƙarshe ki ja murya: "ɗaya, biyu, ukuuu." Ki buɗe saman kwalin, ki zagaye su duka da yatsa, ki ce, "Uku. Awaki uku ke nan." Wannan zagayen kada ki raina shi. Da yawan yara suna ɗauka "uku" sunan akuya ta ƙarshe ne, in ka ce "nuna mini uku" sai su nuna ta ita kaɗai. Don kashe wannan, ki riƙa canza wadda take shiga ƙarshe.

Daga nan ki rufe kwalin da hannu ki tambaya, "Awaki nawa ne a ɗaki?" In ya ce "uku" kai tsaye, alama ce mai kyau. In ya sake rera "ɗaya, biyu, uku", ko ya nemi ya buɗe ya sake ƙirgawa, ko ya ce bakwai, to bai kai ba tukuna. Ki faɗi amsar da kanki, ku fito da awakin su tafi kiwo. Gobe ma rana ce.

In wannan ya zauna, sai shuka. Ki jiƙa yashi a wani faranti daban, ko ki samo yumɓu, ku yi kunya ɗaya, ya huda ramuka uku da yatsa. "Kowane rami ƙwaya biyu." Manyan ƙwayoyin masara sun fi sauƙin kamawa. Wannan ya fi wasan ƙofa wuya, duk da ba a ganin hakan, domin a can awakin ne suke ƙarewa su tsayar da shi, a nan kuwa ga tulin iri a gabansa, shi ne zai tsayar da kansa. In kika ga ya zarce, kada ki riƙe hannunsa. Ki bari ya gama, ki ce, "Bari mu leƙa ramin nan, biyu ne a ciki?" Shi zai cire rarar.

Tonon ƙwai kuma shi yara suka fi so. Ki binne duwatsu uku a cikin yashi, ya lalubo su, kowanne ya shiga gurbinsa a kwalin ƙwai. Gurbin da ba kowa yana yi masa tambayar da kanta: saura nawa? Wata rana ki sa ya rufe ido, ki riƙa jefa ƙwayar masara cikin gwangwani a hankali, ya ƙirga da kunne. Ko saniya ta yi kuka sau biyu, shi ma ya mayar mata sau biyu. Daga nan yake gane cewa ba abin da ake gani kaɗai ake ƙirgawa ba. Wani lokacin kuma ki kife kwano a kan ƙwai biyu ko uku, ki ɗaga ki mayar da sauri, ya faɗi nawa ya gani ba tare da ƙirga ba. Ido yana iya kama uku ko huɗu a kallo ɗaya, kuma in abin da ido ya faɗa ya yi daidai da abin da ƙirga ta bayar, yaro yana fara yarda da ƙirgar.

Dabara ɗaya da ba ta cika faɗuwa ba: ke ki yi kuskure. Ki kawo jakin wasa ya yi gadin ƙofa, ya ƙirga akuya ɗaya sau biyu, ko ya bar wata ta wuce bai ƙirga ba. Yara sukan kama kuskuren wani tun kafin su daina yin nasu, ga kuma daɗin gyara wa jaki.

Abin da ya fi kashe wannan wasa shi ne uwa ta koma mai jarrabawa. "Nawa ne? A'a, sake. Nawa ne?" Sau uku a jere, yaro ya tashi ya bar miki gonarki. Zama ɗaya minti goma zuwa sha biyar ya isa, kuma ƙirgar kanta ba za ta wuce minti uku ko huɗu a ciki ba, sauran duk kiwo ne da ban ruwa da hira. In ya kuskure, maimakon "ba haka ba ne", ki ce, "Anya ba wadda ta ɓata? Mu sake dubawa a hankali." Akwai kuma kurakuran da ba naki ba ne ki gyara yanzu. Zai iya rantsewa shanu biyu sun fi 'yan tsaki uku yawa, saboda girma. In kika baza awaki biyar da ya gama ƙirgawa, zai iya cewa sun ƙaru. Jean Piaget, masanin nan ɗan ƙasar Suwizalan, ya daɗe da nuna cewa yara sukan yi wannan ruɗanin har wajen shekara shida ko bakwai. Ku sake ƙirgawa tare, ki wuce.

Yaushe za ki ƙara lamba? In ya ba da adadin daidai a ranaku uku daban-daban, da abubuwa daban-daban, yau awaki, gobe ƙwai, jibi cokula, sai ki ƙara ɗaya. Ɗaya tak. In ya kai biyar da ƙarfinsa, ki sauya kwalin ƙwai zuwa layi biyu masu gurbi biyar-biyar. Bayan goma, Hausa ta yi masa gata, domin "goma sha ɗaya" tana faɗin abin da take nufi, goma da ƙarin ɗaya. Ki riƙa faɗinta cikakkiya, kada ki gajarce zuwa "sha ɗaya" tukuna. In yana jin lambobi da wani harshe a makaranta ba laifi, amma ƙirga ɗaya a fara ta a gama ta da harshe ɗaya, gwajin saniya kuma ki yi shi da harshen da ya fi ji.

Game da babansu, yana da gaskiya a abu biyu. Abinci ba abin wasarere ba ne, kuma yashi ya warware wannan. Yaro kuma zai buƙaci sanin siffar lambobi. Inda muka saɓa da shi shi ne lokaci. Wanda bai san uku a hannunsa ba, in ya cika shafi da 3, zane kawai ya yi, ga yatsunsa ba su riga sun yi ƙwarin riƙe fensir na dogon lokaci ba. Akwai hanyar da za ta gamsar da ku duka. Maria Montessori, wadda ta buɗe makarantarta ta farko a birnin Rum a 1907, tsarinta yana sa yara su bi siffar lambobi masu kaushi da yatsa kafin su kama alƙalami. Ki daidaita yashin robar, ki zana 3 babba, ya bi da yatsa, ya shafe, ya sake. Ki manna wa ƙofar ɗakin awaki kati mai 3 da ɗigo uku a ƙasanta. In ya juya lambar baibai kada ku damu, yara kan yi haka har su fara firamare. In baban zai karɓi aikin jaki mai gadin ƙofa sau ɗaya a mako, zai ga abin da yaron ya sani da idonsa.

Abin da zai sa mu ce ki ga likitan yara shi ne in ya doshi shekara biyar, bayan watanni ana irin wannan wasa, har yanzu ba ya iya ba da biyu ko uku, ko kuma in tun yanzu maganarsa tana baya sosai, ba ya bin umarni mai sauƙi, ko yana kai abu dab da idonsa kafin ya gani. A fara da duba ji da gani.

Ajiya kuma: in shinkafa kika zaɓa, kada ruwa ya taɓa ta, za ta yi fumfuna cikin 'yan kwanaki, wadda ta jiƙe a zubar. Ki adana ta a mazubi mai murfi, ki riƙa dubawa saboda ƙwari. Yashin da aka jiƙa a shanya shi ya bushe kafin a rufe. Ki rubuta a jikin murfin robar adadin duk abin da ke ciki, awaki biyar, duwatsu uku, murafai huɗu, ƙwayar masara shida. Kafin a tashi, ku ƙirga su tare suna komawa. In lissafi bai cika ba, ba a sauko da ƙanwarsa ƙasa sai an gano wanda ya ɓace, a ƙarƙashin zani ne ko a aljihun wandonsa.